Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Majalisun Dokokin Jihohi Masu Haramar Tafiya Abuja

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Masu girma wakilanmu, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni tsohon malamin makaranta ne da ya ajiye alli, kuma tun zaɓen 1979 ban taɓa ƙin fita layin zaɓe ba sai in ciwo ya kwantar da ni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne fastocin da suka fara fitowa a shataletale da jikin katangu. Fuskokin na san su, na waɗansunku ne, sai dai rubutun da ke ƙarƙashin hoton ya canza. Wanda jiya yake wakiltarmu a majalisar jiha, yau yana neman Majalisar Wakilai ko ta Dattawa a 2027. Ban ga laifinku ba a kan wannan buri. Tsarin mulki ya ba ku dama, ni ma kuma na fi son a tura Abuja wanda ya taɓa zama a zauren majalisa a kan wanda aljihunsa kaɗai ya kai shi. Amma kafin ku yanki fom, ina so ku gaya mana abin da za ku ɗauka daga kujerar da kuke kai yanzu ku tafi da shi.

Zan ba ku labarin wani ɗan majalisar jiha. Sunansa duk kun sani, shekarun da ya yi a majalisar jiha ne ba kowa ya bi ta kansu ba. Daga Amurka na ɗauko shi, domin daga can muka aro wannan tsari a 1979, na shugaban ƙasa da gwamna da majalisar tarayya da majalisun jihohi. Tunda rigarsu muka ara, babu laifi mu duba yadda suke sa ta.

Barack Obama ya shiga majalisar dattawan jihar Illinois a watan Janairun 1997, yana ɗan shekara 35, yana wakiltar mazaɓa ta 13 a kudancin birnin Chicago. Majalisa ce mai kujeru 59, tana zama a Springfield, kimanin kilomita 320 daga gidansa. Shekara shida na farko jam'iyyarsa ta Democrat ce marar rinjaye, wato irin kujerar da a wurinmu mai ita yake cewa hannunsa a ɗaure yake. Yadda ya shigo ma akwai abin faɗa a ciki: ya ƙalubalanci sa hannun da ke takardun takarar abokan hamayyarsa, har da Alice Palmer wadda ke kan kujerar, aka soke su duka, ya tsaya shi kaɗai a zaɓen fid da gwani. Doka ta ba shi gaskiya, amma mutane da yawa a mazaɓar ba su ji daɗi ba. Na faɗi wannan ne don kada ku ɗauka waliyyi na kawo muku. Ɗan siyasa ne mai buri, kamar ku.

Aikinsa na farko da ya yi suna ya taɓa aljihun 'yan'uwansa 'yan majalisa. A 1998 jagoran 'yan jam'iyyarsa a majalisar, Emil Jones, ya tura shi cikin masu rubuta dokar ɗa'a, inda ya yi aiki da Kirk Dillard na jam'iyyar Republican. Dokar ta hana 'yan majalisa karɓar yawancin kyaututtukan masu kamun ƙafa, ta kuma hana su kashe kuɗin yaƙin neman zaɓe a kan buƙatun kansu. Ku auna yadda zauren zai yi zafi idan ɗayanku ya tashi da irin wannan ƙudiri gobe. Shekara tara bayan haka, da Obama ya fito neman shugabancin ƙasa, wannan Dillard ɗin, ɗan jam'iyyar adawa, ya yarda ya fito a tallar talabijin yana ba da shaidar yadda suka yi aiki tare.

Sai gaggawa ta kama shi, kuma nan ne labarin ya fi shafar ku. Shekara uku kacal da shigarsa majalisar jiha ya ce zai tafi Majalisar Wakilai ta tarayya. Wanda ke kan kujerar, Bobby Rush, tsohon ɗan gwagwarmayar baƙar fata ne da mutanen unguwa suka san shi tun ƙuruciyarsa, yana majalisar tun 1993. Ana tsakiyar kamfe aka harbe ɗan Rush har lahira, jama'a suka ƙara tausaya masa. A watan Disambar 1999 kuma aka kira zaman gaggawa a Springfield kan wata dokar bindigogi, Obama yana Hawaii, 'yarsa ƙarama ba ta da lafiya, bai halarta ba. Ƙudirin bai wuce ba, jaridu suka yi masa caa. Uzurinsa na gaskiya ne, duk uba zai fahimta, amma masu zaɓe kujerar da babu kowa a kanta suka gani. A watan Maris na 2000 Rush ya samu kashi 61 cikin ɗari, Obama kashi 30. Ya fito da bashi a wuyansa, waɗansu har sun ce tasa ta ƙare.

Ranku ya daɗe, mun san abin da yawanci yake biyo bayan irin wannan kaye a ƙasarmu. Mutum ya sauya sheƙa zuwa wata jam'iyya kafin mako ya zagayo, ko ya shiga zaryar gidan gwamnati a ba shi mai ba da shawara. Shi wannan komawa ya yi kujerarsa ta jiha, ya ci gaba da tuƙa mota zuwa Springfield.

A Janairun 2003 jam'iyyarsa ta karɓi rinjaye, Emil Jones ya zama shugaban majalisa, aka ba Obama kwamitin lafiya da jin daɗin jama'a. A wannan shekarar ce ya yi aikin da ya sa na rubuto muku. Jihar Illinois a lokacin tana cikin abin kunya. Wani kwamandan 'yan sandan Chicago, Jon Burge, wanda aka kora a 1993, an zarge shi da yaransa da azabtar da baƙar fata fiye da 100 don su amsa laifi, ana jona musu wutar lantarki, ana rufe musu fuska da leda. Daga 1977 zuwa 2000 jihar ta zartar da hukuncin kisa a kan mutum 12, amma ta saki mutum 13 da ke jiran kisa bayan an gano bai kamata a yanke musu hukuncin ba. Wannan ya sa Gwamna George Ryan, ɗan Republican, ya dakatar da kisa a Janairun 2000, kuma kafin ya sauka a Janairun 2003 ya sassauta wa mutum 167.

Obama ya kawo ƙudiri cewa duk wanda ake tuhuma da kisan kai, dole a naɗi tambayoyin da 'yan sanda ke yi masa. 'Yan sanda suka ƙi, masu gabatar da ƙara suka nuna shakka, sabon gwamna Rod Blagojevich, ɗan jam'iyyarsa, shi ma da farko bai goyi baya ba. Abu mafi sauƙi a nan shi ne ya hau mumbari ya zagi 'yan sanda, a tafa masa, ƙudirin ya mutu. Maimakon haka sai ya yi ta zama da su, zama bayan zama, yana sauraron abin da suke tsoro, yana gyara lafazin ƙudirin inda ƙorafinsu yake da hujja, yana nuna musu cewa faifan da zai kare wanda ake tuhuma shi ne zai wanke ɗan sandan da aka yi wa ƙazafi, shi ne kuma zai hana mai laifi na gaske ya zo kotu ya ce dukansa aka yi. Ranar ƙuri'a babu ko sanata ɗaya da ya ƙi. Gwamnan da ya ja baya shi ya sa hannu a watan Yulin 2003, Illinois ta zama jiha ta farko a Amurka da majalisarta ta wajabta wannan naɗi. A shekarar ce kuma ya jagoranci dokar da ta sa 'yan sanda su riƙa rubuta launin fatar duk direban da suka tsayar, don a gane ko ana ware baƙar fata da tsangwama.

Da ya sake fitowa a 2004, wannan karon neman Majalisar Dattawa ta tarayya, yana da abin nunawa. Ya ci zaɓen fid da gwani da kusan kashi 53, ya ci babban zaɓe da kashi 70. Gaskiya ce sa'a ta taimaka masa: babban abokin hamayyarsa a cikin jam'iyya abin kunya ya kayar da shi, ɗan takarar Republican Jack Ryan ya janye, aka ɗauko Alan Keyes daga wata jiha ya maye gurbinsa. Jawabin da ya yi a babban taron jam'iyyarsa a birnin Boston a watan Yulin shekarar ma ya ɗaga shi. Amma a wannan kamfe ɗin wakilan 'yan sanda, waɗanda suka fara yaƙar ƙudirinsa, sun yaba da yadda ya tafi da su. A watan Fabrairun 2007, da zai bayyana neman shugabancin ƙasa, Springfield ya koma, ya tsaya a gaban tsohon ginin majalisar jihar, a garin da Abraham Lincoln ya yi suna, wanda shi ma ɗan majalisar jihar ne daga 1834 zuwa 1842.

Akwai wani abu guda a tarihinsa da ake suka, wanda ni a wurina ya fi yabon amfani. A majalisar Illinois ɗan majalisa na iya danna e, ko a'a, ko ya ce yana nan kawai bai ɗauki ɓangare ba. Obama ya yi wannan na ukun sau 129 cikin ƙuri'u kusan 4,000, kuma a zaɓen fid da gwani na 2008 ɓangaren Hillary Clinton ya yi ta dukansa da shi, ana cewa yana gudun abin da ke da zafi. Ku lura da abin da ya ba su damar ƙirgawa. Kowace ƙuri'a an rubuta ta da sunan mai ita, tana ajiye, ɗan jarida ko ɗalibi zai iya buɗewa ya gani. Mu fa? A yawancin zamanku kakaki ne zai ce masu goyon baya su ce e, a yi ihu, masu adawa su ce a'a, a buga guduma. Ni da na zaɓi mutum sau biyu ba ni da inda zan je in ga ko ya goyi bayan bashin da jihata ta ci, ko ya ƙi, ko ma yana zauren ranar. Wanda ya yi aikin kirki a cikinku shi wannan duhu ya fi cuta, domin an haɗa shi da wanda bai taɓa buɗe baki ba.

Kada ku ce kujerar ƙarama ce. Ku kuke amincewa da kasafin kuɗin jiha, kobo ba ya fita bisa doka sai da yardarku. Sashe na 128 da na 129 na tsarin mulki sun ba ku ikon bincike da kiran kowa ya zo ya yi bayani. Rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha gabanku ake kawo shi. Tsarin mulkin ƙasa kansa ba ya gyaruwa sai majalisu 24 cikin 36 sun yarda. Kuma tun gyaran da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali sun shigo cikin abin da jiha za ta iya yi wa doka. Makarantar firamare, asibitin karkara, ruwan sha, filaye, kasuwanni, duk abin da talaka ke tashi da shi ya kwana da shi, a zaurenku yake. Sanata yana Abuja cikin mutum 109, ɗan Majalisar Wakilai cikin 360. Ku kuwa ba ku wuce 40 a zaure ba, waɗansu jihohin ma 24 ne. Muryar mutum ɗaya a nan tana da nauyin da ba za ta samu a can ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka yi ta wasa da wannan iko. A 2010, da aka kawo gyaran da zai ba majalisun jihohi 'yancin kuɗinsu, majalisun da kansu ne suka kasa cika 24 ɗin da ake buƙata. An miƙo muku makullin ɗakinku, waɗansu suka mayar wa gwamna. Sai a 2018 aka samu gyaran, shi ma ya sha jan ƙafa har ma'aikatanku suka shiga yajin aiki a 2021. Ku dubi kuma maganar masarautun Kano. A watan Mayun 2019 majalisar jihar ta zartar da dokar ƙirƙiro sababbin masarautu cikin 'yan kwanaki. A ranar 23 ga Mayun 2024 majalisar ta soke ta, gwamna ya sa hannu a ranar. Jam'iyyun da ke mulki a lokutan biyu daban ne, kuma kowa a cikinmu yana da ɓangaren da yake ganin ya fi gaskiya, ban zo raba wannan gardama ba. Saurin nake nuna muku. Idan gidan gwamnati na son abu, kwana biyu sun isa. Idan kuwa maganar malaman da ba a biya ba ce ko asibitin da babu magani, sai a miƙa wa kwamiti. Shi ya sa jama'a ke kiran majalisun jihohi 'yan amshi, kuma na san akwai mutanen kirki a cikinku da wannan suna yake yi wa zafi.

Bari in dawo kan naɗin tambayoyi, domin ya taɓa ni a gida. Wani yaro da na koyar a aji shida, yanzu magidanci ne, an kama shi kan zargin satar babur. Bayan kwana uku a wani caji ofis ya sa hannu a takardar da aka rubuta da Turancin da bai iya karantawa sosai ba. Da na je ganinsa tafiya ma da ƙyar yake yi. Ya daɗe a tsare yana jiran shari'a kafin a sallame shi, ya fito ya tarar da shagonsa ya rushe. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yi maganar naɗar bayanin wanda ya amsa laifi a bidiyo, ta kuma ce alƙalin majistare ya riƙa ziyartar wuraren tsare mutane kowane wata. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. Jihohi da dama sun yi tasu dokar shari'ar laifukan, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Na san 'yan sanda na tarayya ne, ba ku kuke ba su umarni ba. Amma kotunan jiha da ma'aikatar shari'a ta jiha a kasafinku suke. Wane ne a cikinku ya taɓa kiran kwamishinan shari'a ya tambaye shi ziyara nawa majistarori suka kai bara, bayanai nawa aka naɗa? Wane ne ya sa kuɗin kyamara da na motar majistare a kasafi, ya bi ya ga an saya? Yau kowace wayar hannu tana ɗaukar bidiyo. Wanda ya riƙe wannan magana shekara ɗaya, ya zauna da kwamishinan 'yan sanda da lauyoyi da alƙalai har abin ya tabbata, ba ya buƙatar mawaƙi ya gabatar da shi a gaban iyayen da aka taɓa kama wa ɗa.

In kuma kun ce Amurka ta yi nisa, ga namu. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauchi, ya tashi a majalisar Arewa a Kaduna ya kawo ƙudirin a gyara tsarin mulkin En'e, a lokacin da taɓa wannan magana ke nufin taɓa sarakuna da Turawan mulki gaba ɗaya. Bai san zai zama Firayim Minista a 1957 ba. Abin da ke gabansa a majalisar yanki ya yi, kuma da wannan ƙudiri Arewa ta fara auna shi.

Saboda haka ga roƙona, kuma duk abu ne da ke hannunku, ba sai kun jira Abuja ba. Ku gyara ƙa'idojin zamanku ta yadda duk ƙuri'a kan kasafi, da cin bashi, da tsige wani, da duk dokar da ta shafi masarauta ko ƙananan hukumomi, za a yi ta da suna, akawun majalisa ya rubuta, a wallafa a intanet, a karanta a rediyo da Hausa. Rajistar halartar zama ma a fito da ita. Kada doka ta wuce ba a kira jin ra'ayin jama'a ba, sai in gobara ce ko annoba. Rahoton mai binciken kuɗi kuma a tattauna shi a buɗe cikin shekarar da ya iso. A zaɓen 2023 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin Majalisar Wakilai naira miliyan 10, na Sanata miliyan 20, kuma kowa ya san fom shi ne ƙaramin kashe kuɗi a wannan tafiya. Abin da na lissafa muku bai kai kuɗin fom ɗaya ba.

Ga matasan cikinku, waɗanda dokar 2018 ta buɗe wa ƙofa tun suna da shekara 25, ku na fi ji. Masu zuga za su kewaye ku, su ce wannan kujera ta yi muku kaɗan, lokaci na wucewa. Irin wannan lissafi ne ya kai Obama ga kashi 30. In kun ga ba ku gama abin da kuka fara ba, ku sake neman kujerar jihar, babu ƙasƙanci a ciki. In kuma kun nemi ta sama Allah bai ba ku ba, ku riƙe jam'iyyarku da mutanenku, ku ƙarasa wa'adinku a zaure.

Na san za ku zo ƙofar gidana, ko ku aiko. Zan shimfiɗa muku tabarma, a kawo ruwa, domin baƙo yana da haƙƙinsa. Rijiyar burtsatse da buhun shinkafar azumi mun gode, Allah ya saka. Bayan mun gaisa zan tambaye ku sunan doka ɗaya da kuka kawo ko kuka gyara, da ranar da kuka taɓa cewa a'a ga abin da gidan gwamnati ya aiko, da inda zan je in ga an rubuta. Na gaya wa 'ya'yana da tsofaffin ɗalibaina da ke da katin zaɓe su ma su yi muku wannan tambaya, kuma na rubuto tun yanzu ne don akwai sauran zama a gabanku kafin a rufe majalisa.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, mai zaɓe a ɗaya daga cikin mazaɓunku.